Ko Ni Ko Ɗinkin Mata

"Wace ce waccan?"

Auta ta ja ta tsaya a ƙofar shagon ɗinkin saurayinta, kular abinci a hannunta. Wata doguwa ce a gaban madubi, tana jujjuyawa cikin sabuwar riga tana cewa, "Tela, wallahi hannunka akwai sihiri."

"Ɗinki ta kawo, zuciyata," ya ce yana murmushi.

"Ita ma zuciyar taka ce?"

Ta dire kular ta fice.

A gida ta tarar da 'yar kawunta, wadda suke kwana ɗaki ɗaya, tana gyaran farce. Ta zayyana mata komai.

"Namijin da mata ke sintiri a wurinsa safe da yamma?" 'Yar kawun ta taɓe baki. "In da gaske yana sonki, ya bar ɗinkin mata."

Washegari Auta ta same shi.

"Ko ni, ko ɗinkin mata."

Ya dafa keken ɗinkinsa.

"Auta, da wannan aka san ni... da shi nake son in riƙe ki."

"Zaɓi ɗaya."

"Na zaɓe ki."

Ya koma ɗinkin kayan makaranta da facin wando. Da farko ranta fes, don ko ƙamshin turaren mata babu a shagon. Sai dai ya daina 'yar waƙarsa a kan keke, ya daina zana sabon salo a bayan kwali. In ta zo hira ya yi mata murmushi, amma iyakarsa leɓe.

Maganar ta kai kunnen Baba.

"Mutumin da ya rushe sana'arsa da hannunsa zan ba 'yata? A dakata da zancen auren nan."

Da kukanta ta nufi shagon. Tana isa bakin labule ta ji muryar 'yar kawunta a ciki, a tausashe.

"Yayana yana da shago a bakin titi, a rufe yake. Ni ba zan raba ka da baiwarka ba. Mai sonka ba ta yanke maka hannu."

Auta ta laɓe a bayan labulen.

"Na gode," Tela ya ce. "Ita na zaɓa."

"To me ka samu?"



Tambayar nan ta fi wa Auta mari ciwo. Ita ma ta tambayi kanta: me ta samu? Shago ba mata, masoyi ba walwala, aure a rataye.

Ta ɗaga labulen.

"Tashi ki fita. Ashe rijiya kika nuna min don ki ɗauki takalmina."

'Yar kawun ta suri jaka ta sulale.

Auta ta zauna a kan benci, idonta a ƙasa.

"Kana kewar ɗinkin?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, abar ƙaunata. Kullum."

"Ka koma."

"Kishin fa?"

"Yana nan, bai je ko'ina ba. Gara ya ci ni da ya cinye ka."

Ita ta durƙusa gaban Baba ta ce laifinta ne. Ita ta bi gida-gida tana ba masu kawo ɗinki haƙuri, har da doguwar nan.

Ranar aurensu rigar da ya ɗinka mata ta saka. Mata suka yanyame ta, kowa na shafa wuyan rigar.

"Amarya, wane tela ne wannan?"

Kishin nan ya taso mata. Ta haɗiye shi.

"Mijina ne," ta ce, ta danna kalmar yadda kowa zai ji.

Sannan ta kwatanta musu shagon.