Jiragen da Suka Juya

"Raliatou, bar tagar nan hakanan!" in ji Inna Fatou, matar kawuna. "Tun hantsi kike leƙe, ko kunya babu!"

Ban motsa ba. Daga saman benenmu ina hango tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, ta unguwarmu Minguettes a gefen Lyon, ina jiran Munzali da manyansa.

Laifinsa ɗaya ne, kuma na yarinta. Ya taso daga Paris shi kaɗai, ya durƙusa gaban Kawu Maazou da furanni a hannu, wai ya zo neman aurena. Furanni fa! Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ba ka da manya ne? Ɗiyata ba tsintacciya ba ce. Ka turo su da goro ran Asabar, in ba haka ba kar in ƙara jin sunanka."

Babba ɗaya Munzali ke da shi a Faransa, Alhaji Salihu na unguwar Belleville a Paris. Shi kuwa 'yarsa Hamdiya ya tanadar masa, ita ce ma ta kai wa uban labarin furannin, ta ƙara gishiri.

Ni da nake rubuta kundin digirina a Lyon kan ƙawanyar da aka yi wa birnin La Rochelle na Faransa a 1627, na san irin wannan jira. Sojojin sarki sun datse bakin teku da ganuwa, mutanen gari suna dafa fata su ci, idonsu na kan ruwa. Jiragen Ingila suka zo ceto, suka ga ganuwar, suka juya. Munzali ya sha tsokanata da su: "Chérie, masoyiyata, ni ba jirgin Ingila ba ne, ba ni juyawa!"

Bayan la'asar Munzali ya sauko daga tram.

Shi kaɗai.

Wayata ta yi ƙara.

"Rali... Alhaji ya ƙi. Na roƙe shi har da kuka."

"Hawo hakanan, Munzali! Ka yi ma Kawu bayani!"

"In sake zubar miki da mutunci? Kuma Alhaji ya rantse in na taka gidanku, ba shi ba ni. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, Rali..."

"To ni fa?"

Ina kallonsa yana share ido da hannun riga, ƙunshin goro a ɗaya hannun. A hankali ya ajiye shi kan benci.

"Ki yafe mini, masoyiyata."

Tram ɗin komawa ya iso, ya shiga. Wallahi ji na yi kamar an zare mini rai.

A falo na tarar da Kawu cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa wa baƙi darduma da hannunsa. Ashe shi ma jira yake.

"Sun iso, ɗiyata?"

"Sun iso, Kawu," na ce, hawaye na zuba. "Sun juya."