Kambas Ɗin Ango

"Ke ce dai mai wankin takalman, ko?"

Ta san ni sarai. Ba sau ɗaya ba na durƙusa na gaishe ta a falon gidansu. Amma haka ta tsaya a ƙofar ɗakin aikina tana toshe hanci da gefen mayafi, wai warin gam ya dame ta.

"Sannu da zuwa, Anti. Ki shigo mana..."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ta zazzage leda a kan teburina, tsakanin gwangwanayen fenti. Fararen kambas ne, na mace da na namiji. Na macen sabo fil, ko ƙasa bai taɓa takawa ba. Na namijin kuwa ya sha tafiya, bakinsa har ya soma ɓamɓarewa.

"Na hoton kafin biki ne. Ki wanke wancan ya yi fes, ki yi musu ado iri ɗaya. Amarya ta ce lallai sai aikinki."

Na ɗaga na namijin na leƙa ciki.

Na matsar da shi kusa da haske.

A dunduniyar hagu akwai ɗinki da shuɗin zare. Ni na yi shi, ranar da farin zarena ya ƙare.

"Anti... wannan ai na Dogo ne."

"Na ƙanina dai. Aure zai yi, ba ki ji ba?"

"Da wa?"

Ta yi wani murmushi mai sanyi.

"Au! Ƙawar taki ba ta gaya miki ba?"

Ta juya ta fita tana ɗage zani, kada ruwan wankina ya taɓa ta.

Ƙawa ɗaya gare ni a duniya. Fara muke ce mata, tun muna firamare benci ɗaya muke zama. Ita ke ɗaukar hoton aikina tana sawa a waya, ita ke amsa masu tambaya. Har makullin ɗakin nan tana da shi.

Shi kuwa Dogo malamin wasanni ne a wata makaranta da ke bayan layinmu. Ranar farko da ya zo sai da ya sunkuya kafin ya shigo, riƙe da kambas ɗin da dunduniyarsa ta yage.

"An ce nan ne asibitin takalma. Ga mara lafiya na kawo."

"Wannan ai gawa ce, Malam. Ka sayi sabo."

"Haba likita! Ki duba dai, da sauran numfashi."

Na yi dariya har basillata ta faɗi.

Na ɗinke masa. Bayan mako ya dawo, wai igiya ta tsinke. Ya sake dawowa, wai tabon mai ya zuba. Da na lura da kyau sai na ga da yatsa aka shafa man.

"Malam, kai ka ɓata shi da kanka."

Ya sosa ƙeya.

"To ya zan yi? Likitar ba ta ganin masu lafiya."

Daga nan ya zama ɗan gida. In ya tashi daga aiki sai ya zauna a kan bokitin da na kife masa, gwiwoyinsa har kusa da haɓa, yana zare min igiyoyi yana jiƙa su a roba. Shi ke jera takalma a inuwar baranda, don na gaya masa rana tana sa farin kambas ya yi ɗorawa-ɗorawa.

"'Yar fentina," haka yake ce min. "Ko hannunki ya koma kala bakwai, ni dai ina so."

Wata rana na yanka ɗan kwali siffar tsuntsu, na ɗora a bayan harshen takalminsa, inda ba mai gani, na shafa fenti ruwan ɗorawa.

"Wannan naka ne kai kaɗai. Ba zan taɓa yi wa wani ba."

Ya daɗe yana kallon tsuntsun.

"Ƙalbina... ko takalmin ya mutu, sai na yanke wurin nan na ajiye."

Umma ba ta taɓa sakin jiki da shi ba.

"Yaron yana da kirki," in ji ta, "amma duk maganar da zai yi sai ya ce 'Yayata ta ce'. Namijin da ake riƙe wa baki, ki bi a hankali."

Yayar tasa ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ranar da ya fara kai ni gaishe ta, faratana ta tsura wa ido, inda fenti ya maƙale.

"Wai ke ce mai wanke dauɗar ƙafar mutane? Duk 'yan matan garin nan ka rasa wadda za ka kwaso sai wannan?"

A gabana ta faɗa. Shi kuwa kansa a ƙasa.

A hanya ya riƙa ba ni haƙuri. "Za ta sauko, masoyiyata. Ki ba ni lokaci."

Na ba shi.

Sai kawai ya ɗauke ƙafa. Na kira, ba ya ɗagawa. Na tura saƙo, ya ga saƙon ya yi shiru. Na tura Fara ta je ta ji laifina. Ta dawo ta rungume ni.

"Ki manta da shi, ƙawata. Maza duk haka suke."

A kafaɗarta na yi kukan!

A kwanakin ne na nemi kwalin tsuntsun nan na rasa. Na ɗauka na haɗa da shara.

Yau ga takalminsa a teburina, kusa da nata.

Umma ta shigo ta tarar da ni a zaune a ƙasa. Da ta ji abin da ya faru, sai ta nuna takalman da yatsa.

"Tashi ki mayar musu da tsiyarsu! Wannan ai cin fuska ne!"

"Zan yi aikin, Umma."

"Kin yi hauka?"

"So suke a ce na kasa. So suke a ce ina nan ina birgima. Wallahi sai na yi shi."

Na zare igiyoyin na jiƙa. Na buga tafin biyu da juna, busasshiyar ƙasa ta zube. Na haɗa ruwan ɗumi da garin sabulu, na ɗauki buroshi na bi yadin a hankali, zagaye-zagaye. Gefen roba kuwa da tsohon buroshin haƙori na goge shi.

Sai na ɗaga harshen...

An bi tsuntsun da baƙin biro. An danna, an danna, har yadin ya huje.

A nan hawayen suka ƙwace min. Ina gogewa da bayan hannu, kumfa na shiga min ido, ban fasa ba. Na ɗauraye, na cusa farar takarda a ciki don kada ya lotse, na ajiye a inuwa. Da ya bushe na buɗa bakin da ya ɓamɓare, na shafa gam, na ɗaure da roba har ya kama. Na liƙa salatif a gefuna, na zana musu reshe mai ganye ruwan zinare, rabi a nasa, rabi a nata. In suka haɗa ƙafa sai reshen ya cika.

Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Abin ya ƙara min takaici.

Na zaci direban Anti za a turo. Da la'asar ina kan fentin wani takalmin yara sai na ji inuwa ta rufe ƙofa.

"Assalamu alaikum..."

Ban ɗago ba. Na amsa a ciki.

"Ga su can a leda, Malam."

"'Yar fentina..."

"Kar ka ƙara!"

Na ɗago na dube shi. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Me na yi maka?"

Ya jingina da ƙofa.

"Tsuntsun nan na gani a takalmin wani abokin ƙwallonmu. Iri ɗaya sak, a wuri ɗaya. Ya ce ke kika yi masa. Ya ce har kin ce masa nasa ne shi kaɗai."

"Shi ne ba ka tambaye ni ba?"

"Fara na tambaya. Ta yi ta kuka, ta ce ta daɗe da sani, tausayina ne ya hana ta faɗa. Kullum sai ta kira ta ji ya nake. Yayata kuma ta gan ta, ta ce irin wannan take so min..."

Kwalina! Makullina!

Na miƙe, buroshi a hannu.

"Dogo, ita ce! Ita ta sace kwalin, da fentina ta yi! Na rantse da Allah ban taɓa..."

"Na sani."

Na tsaya cak.

"Ka... me?"

"Na sani. Shi abokin nawa ya zo ya same ni ya faɗi gaskiya. Ita ta roƙe shi."

"Yaushe?"

"Watan jiya."

Watan jiya! Ina nan ina tuhumar kaina, ina bin maganganuna ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda ta ɓata masa rai, ashe ya sani.

"Kuma ka bari aka kawo min takalminka?"

"Ban san Yaya za ta kawo nan ba, wallahi. Ki fahimce ni, ƙalbina. An riga an sa rana. Manya sun shiga maganar. Yayata ta ce in na fasa, ba ita ba ni. Ita ta raine ni... ya zan yi?"

"Kana son ta?"

Ya girgiza kai, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ke nake so. Har gobe ke nake so."

Da ƙarya ya yi min, da ya ce ya daina so na, wataƙila da na fi samun sauƙi.

"Ki yafe min, don Allah."

"Wanki da ado aka kawo min, Malam, na kuma yi. Yafiya ba ta cikin aikin."

Na miƙa masa ledar. Ya karɓa da hannu biyu. Ya leƙa ciki, ya ga reshen. Bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta gaba ɗaya da tsawonsa.

Ni ma na san abin da zuciyata ke jira. So take ya jefar da ledar. So take ya ce ya fasa, duk abin da zai faru ya faru. Kalma ɗaya kawai, da na manta da komai, da na bi shi har gaban yayar tasa ta zage ni son ranta.

Na koma kujerata na tsoma buroshi a fenti.

"Matsa, Malam. Ka tare min haske."

Ya dube ni. Na dube shi.

Har yau abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ya matsa ɗin.