Rabin Kowace Kwalba

Wata Litinin a watan Oktoba na 2016, Dakta Hayatu, daraktan wata cibiyar binciken irin dawa a hanyar Sahuda, ya kawo ƙara cewa an sace iri daga ɗakin sanyi. Saura kwana huɗu masu ba cibiyar tallafi su zo su rataya masa lambar yabo, saboda ya tsare irin lokacin da Mubi ta watse.

Sufeto Kalibu, wanda babban kamunsa a shekara ashirin ɓarawon babur ne, ya je ya duba. Ba a fasa kwaɗo ba. Kwalaben iri arba'in, kowace an ɗebi rabinta an mayar da murfi tsaf.

"Dakta, nan ne ɗakin sanyin?" ya tambaya yana share gumi.

Daraktan ya ce jiya-jiya injin sanyin ya tsaya. Sufeto ya leƙa injin, ya tarar da gidan zanzaro a ciki.

Maigadi, Baba Ezekiya, ya rantse bai ga kowa ba. Amma ya yarda ya kai Sufeto gonarsa. A can, layuka uku na dawa sun fita daban, kowane da turke mai lamba, da rubutu irin na jikin kwalaben.

"Baba, ka iya rubutu?"

"Ban iya ba, Oga."

Madam Dokas, mai kula da ɗakin gwaji tun 1991, ba ta wahalar da shi ba. Ta ce shekara biyu ke nan injin a mace yake. Kuɗin gyara ba ya fita sai kwamitin gudanarwa ya zauna, haka ma izinin fitar da iri. 'Yan kwamitin kuwa tun da suka gudu Yola ba su dawo ba. Ta rubuta musu sau shida.

"Na jiƙa ƙwaya ɗari, talatin suka tsira," ta ce. "Baɗi babu ko ɗaya. Wasu irin, daga ƙauyukan da aka ƙone muka karɓo su, babu inda za a sake samu. Ni na ɗauka, na raba wa manoma goma sha huɗu."

"Mama, kin san sata ce?"

"Na sani. Ni dai saura wata ɗaya girbi. In aka tsare ni, za su yi tuwo da shi."

Sufeto ya karɓi littafin da ta jera gonakin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kira saje, ya ce gonakin nan goma sha huɗu duk shaida ce: a sa musu ido, a girbe, a kawo kowace zangarniya da lambarta. Wanda ya ci ko ɗaya, ya ci shaidar hukuma.

Ya buɗe mata ƙofar gaba ta motar 'yan sanda. Shi ya hau baya.