Wankin Mashkura

Da hantsi Mashkura ta ɗaga singiletin mijinta, ta duba bayansa. Ƙuraje jajaye sun bi bayan Nasrullahi tun daga wuya har ƙugu, sun tsaya cak inda riga ta tsaya, kamar an sa zare an auna. Fuskarsa lafiya lau. Wata uku da aurensu, wata uku kuma abin nan yana cinsa.

Nasrullahi mahauci ne a kasuwar Utako, kullum yakan dawo ɗakinsu na Durumi da jini a gaban riga. Don haka amarya ta nemo garin sabulu mai ƙarfi, wanda aka rubuta wa "bio" a leda. Takan jiƙa, ta ɗauraye sau ɗaya saboda wahalar ruwan unguwar, ta shanya. Riga ta fito fara sol, baiwar Allah tana ta murna ta iya aure.

Ana haka Iya, mahaifiyarsa, ta zo daga Katsina duba ɗanta. A gabanta Mashkura ta tsoma riga jina-jina a bokiti, ba cuɗa ba murza. Da aka ciro bayan azahar, babu ko ɗigo.

"Ina jinin ya tafi?" in ji Iya a hankali.

Mashkura ta ce ita ma ba ta sani ba. Iya ta tuna cewa makon da yaron ya yi a Katsina fatarsa ta warke sumul, ya dawo abu ya dawo. Nan take ta yanke hukunci: sammu ne, kuma ta hannun matarsa yake shiga riga. Ta ba ɗanta wa'adi zuwa Juma'a ya sallami yarinyar, in ba haka ba babu ita babu shi. Nasrullahi ya durƙusa yana hawaye, ya ce shi bai ga laifin matarsa ba. Iya ta ce ai rashin ganin ma yana cikin aikin.

Abin tausayi, ita kanta Mashkura ta fara tsoron hannuwanta. Takan zauna tana juya su, tana tunanin ko wani ya yi mata wani abu ba ta sani ba. In ta ɗaga kai sai ta ga rigunan a igiya suna lilo babu iska, kamar mutane marasa kai.

Iya ta hana ta taɓa ko hularsa. Ta karɓe wankin da kanta, ta kamfaci garin nan har da ƙari, ta haɗa da nata zannuwan, tana tofa addu'a. Mashkura na leƙe ta taga ta ga tsohuwa ta ciro riga, ta juya ta gaba da baya, ta yi tsuru. Jinin ya ɓace a hannunta ita ma.

Ranar Alhamis ƙurajen Nasrullahi suka ninka, Iya kuma ta tashi tana susa tun daga ƙirji har ƙwauri. Ihunta ya shigo da Helen, maƙwabciyarsu mai aiki a kemis. Ta duba uwa da ɗa, ta ce a kawo mata ledar garin sabulun.

"Mama, wannan ba asiri ba ne. Bio yana da enzyme, shi ne yana cinye jini da maiƙo. Amma skin ɗinku, fatarku, bai son garin da ya rage a kaya, ga turare. Ku sayi non-bio, wanda babu enzyme, mara ƙamshi, ku ɗauraye sau uku."

Juma'a ta zo ta wuce, Iya ba ta sake tayar da zancen saki ba. Mashkura ta sake wanke komai da sabon sabulu, har zanin gado, tana jido ruwa da kanta daga bohol. Kwana tara fatar Nasrullahi ta kwanta.

Ta Iya ce ta yi jinkiri. Wata safiya ta kira Mashkura ɗaki, ta miƙa mata man shafawa, ta juya mata baya ta sauke zani.

"'Yata, inda hannuna ba ya kaiwa. Ki yafe mini."

Mashkura ta shafa tana kuka. Da ta biye wa zuciya ta yi yaji, da aure ya mutu a kan abin da ruwa bokiti biyu zai gyara. Zargi kafin bincike zalunci ne, ko daga bakin uwa ya fito.