Ragon da Bilya Ya Ɗaure

"Murja, ki haɗa kayanki mu koma Utai," in ji Inna, ko zama ba ta yi ba. "Ƙuruciyarki za ki ƙarar a jinya? Namijin da aka ce da wuya ya haihu..."

"Inna, yana jin ki fa."

"To ya ji. Ni jika nake so."

Mijina Bilya yana kwance a ɗaki, an lulluɓa masa zanena don wando ba ya sawuwa. Bijimi ne ya soke shi a gaba, a kasuwar Kara ta Wudil. Da safiyar ranar ya sayo ɗan rago fari, ya kawo gida ya ɗaure a turke, wai na sunan ɗanmu ne, alhali ko ɓatan wata ban yi ba.

An yi ɗinki, ciwo ya ƙi haɗewa. Likita ta zaunar da ni ta ce akwai wani sinadari da 'ya'yan maraina ke zubawa cikin jini, yana taimaka wa naman wurin ya tofo. Nasa sun mutsuke, sinadarin ya yi ƙasa. Ban yi boko mai nisa ba. Na dai gane maɓuɓɓugar ce ta ƙafe.

Da Inna ta tafi, na kai masa romon kaza.

"Na koma ɗan kaciya," ya ce yana murmushi. "Kullum kaza, kullum ƙafa a ware."

"Sha dai, sarkin tsokana."

Ya riƙe hannuna. "Hasken idona, Inna ta yi gaskiya. Ki yanka ragon nan ki tafi. Zan sauwaƙe miki."

"In ka sake faɗa, wallahi ba ni ba dafa maka romo."

Ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi.

Da la'asar nakan buɗe masa taga. Iskar kogi ta shigo, ya lumshe ido ya ce yana ganin wani yaro cikin kwalekwale, mai kunnuwa irin nasa, yana ɗago mana hannu. Har na fara ganinsa ni ma.

Allurar sinadarin da likita ta yi masa ba ta kai ga yin aiki ba zazzaɓi ya shige shi. Ranar wata Laraba ya cika, kansa a cinyata.

Na yi takaba ragon yana kuka a turke. Aka ce a yanka a yi sadaka, na hana.

Damina na tsakiya Inna ta zo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Saudatu matar Autanmu ta sauka. Namiji. Ƙanenki ya ce ke za ki zaɓi suna... ni kuma na ce ai sunan a fili yake, Bilya."

Ta kasa kallona. Na fita tsakar gida, na durƙusa gaban turken ragon sunan. Ƙullin da Bilya ya yi da hannunsa ne, ya ci ruwa ya ci rana. Da haƙori na kwance shi.