Cikin Auta

Auta na zaune a kan gado tana shafa cikinta da ya fara tasowa, mijinta tela yana gefe, sai ga Mama, mahaifiyarta, ta faɗo ɗakin ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Na ji abin da gwajin asibitin nan ya nuna. A cire cikin, a cire mahaifar gaba ɗaya!"

"Haba Mama!" in ji Auta. "Likita ta ce ba cutar kansa ba ce. Ƙwayoyin bakin mahaifa ne suka fara canzawa—"

"Ƙanwata fa?" in ji Mama. "Ba irin wannan ciwon ne ya kashe ta ba? Da hannuna na yi mata wankan gawa!"

Auta ta dubi mijinta don ya tare mata. Ya sunkuyar da kai yana murza tef ɗin awon da ke wuyansa.

"Autata... ɗa zan iya haƙura da shi. Ke ce ba zan iya ba."

Wannan ya fi maganar Mama zafi. Hawaye suka zubo wa Auta. "Cikin da muka yi shekaru muna roƙo? Har da kai?"

Ranar komawa asibiti Auta ta tasa su gaba su biyun. Likita ta ja wa Mama kujera, ta saurari labarin ƙanwarta, sannan ta nuna mata ɗan farin tabo a hoto.

"Mama, ƙanwarki sai da ciwo ya ci ƙarfinta aka gano. Wannan tun bai zama ciwo ba muka gan shi. Za mu riƙa dubawa har ta haihu. In ya motsa, ba za mu zauna ba. In bai motsa ba, bayan haihuwa mu cire ɗan wurin, mahaifa tana nan."

Mama ta share ido da gefen mayafi.

"To, ni zan riƙa kawo ta. Tela in ya ce gobe, sai wata ya mutu!"

Har likita sai da ta dara.

Ba su taɓa fashin zuwa ba. Auta ta haifi 'yarta lafiya, daga baya aka yi mata ɗan aikin, sakamako ya fito fes.

"Ki yafe mini," in ji tela. "Tsoro ne ya yi magana da bakina."

"Na sani. Karɓe ta, hannuna ya gaji."

Ku ji, yara: mai ƙaunarka ma tsoro kan sa shi kuskure. Haƙuri kuma ba naɗe hannu ba ne. Auta ta jira, amma a gaban likita ta yi jiranta.