Yarinyar da Ta Ɗaure Ƙafarta

A wani zamani, wata mata tana da 'ya wadda hankalinta ba ya zama wuri guda. A aike ta, ta manta. A doke ta, gobe ta sake mantawa.

Ran nan uwar ta sa ta gadin shanyar gero, ta tafi rijiya. Da ta dawo, kaji sun cinye rabi, yarinyar tana zaune tana kallon tururuwa. Uwar ta ɗaga tsumagiya, sai ta ga igiya daga ƙafar yarinyar zuwa turmi.

"Wa ya ɗaure ki?"

"Ni ce, Inna, don kada in tashi. Ban tashi ba, amma na manta."

Uwar ta yar da tsumagiyar, ta durƙusa ta kwance igiyar, tana shafa shatin da ta bari, tana kuka.